Rumbun Bayanai: Tun Ran Gini, Tun Ran Zane

A wannan fitowar, shafin kimiyya ya ɗauko darasin da yawancinmu muke haddacewa don jarrabawa kawai, wato rumbun bayanai.

Mu fara da abin da muka gani da idanunmu. A damunar 2020 da ta 2022, Kogin Haɗejiya ya yi ambaliya. Matasa sun kwana suna jera buhunan ƙasa a kan jinga, iyalai da yawa kuma sun fake a makarantu. Da ruwa ya janye sai tambayoyi suka taso. Gida nawa ne ya rushe? Wa ya karɓi tallafi, wa bai karɓa ba? Ɗalibai nawa ne ba su dawo aji ba? Amsoshin duk suna cikin jerin sunaye. Idan aka rubuta mutum ɗaya sau biyu, ya ci rabon wani. Idan aka tsallake shi, ya kwana da yunwa. Saboda haka tsara bayanai ba wasa ba ne.

Mene ne rumbun bayanai?

Bayanai ne da aka tattara, aka jera su bisa tsari, yadda za a iya nemo su, a gyara su, a kuma haɗa su da juna cikin sauƙi. Rajistar ajinmu ƙaramin rumbu ce. Kowane layi ɗalibi ɗaya ne, kowane gurbi kuma abu ɗaya yake ɗauka: suna, ranar haihuwa, ko unguwa. Wannan shi ake kira jadawali. A shekarar 1970 wani masanin lissafi ɗan Ingila mai aiki a kamfanin IBM, Edgar F. Codd, ya kawo shawarar a riƙa ajiye bayanai cikin jadawaloli masu alaƙa da juna. Har yau bankuna da hukumomin jarrabawa a kan wannan tsari suke tafiya.

Doka ta farko: kowa da lambarsa

Suna ba ya isa ya bambanta mutum. A makaranta ɗaya za a iya samun masu suna Aisha Muhammad guda huɗu. Shi ya sa ake ba kowane ɗalibi lambar shiga wadda babu mai irinta. Wannan lamba ita ce babban mabuɗin jadawali. Ba a barin gurbinta wayam, ba a kuma maimaita ta. NIN da hukumar NIMC ke bayarwa da BVN ta banki irin wannan mabuɗi ne, kowacce lamba 11 gare ta. Tun 2021 JAMB ba ta yi wa ɗalibi rajista sai da NIN. 'Yan aji shida, ku duba tun yanzu: sunan da ke jikin NIN ɗinku daidai yake da wanda ke rajistar makaranta, harafi da harafi?

Doka ta biyu: a rubuta abu sau ɗaya

A ce ɗalibi yana ɗaukar darussa 9 a zango uku. Layin sakamakonsa 27 ke nan a shekara, 162 a shekara shida. Idan a kowane layi aka rubuta sunansa, unguwarsu da lambar wayar mahaifinsa, to ranar da mahaifin ya sauya layin waya sai an gyara duk wuraren nan. Ko wuri ɗaya aka manta, rumbun zai riƙa faɗin magana biyu.

Maganin shi ne a raba jadawalin gida uku:

1. Ɗalibai: lambar shiga, suna, ranar haihuwa, unguwa, wayar mahaifi.
2. Darussa: lambar darasi, sunan darasi, malamin da ke koyarwa.
3. Sakamako: lambar ɗalibi, lambar darasi, shekara, zango, maki.

Ku lura, jadawali na uku ba shi da suna ko ɗaya, lambobi ne kawai da ke nuni zuwa sauran biyun. Su ake kira mabuɗan haɗi. Ɗalibi ɗaya yana da darussa da yawa, darasi ɗaya kuma yana da ɗalibai da yawa, sai jadawalin sakamako ya zama gadar da ta haɗa su. Yanzu in an sauya waya, wuri ɗaya kaɗai za a taɓa.

Doka ta uku: kowane gurbi da ƙa'idarsa

Wani ya rubuta Hadejia, wani Haɗejiya, wani Hadeja. A wurinmu gari ɗaya ne, a wurin kwamfuta garuruwa uku ne. Mai tsari nagari zai yi ɗan jadawali na ƙananan hukumomi 8 na masarauta: Haɗejiya, Auyo, Birniwa, Guri, Kafin Hausa, Kaugama, Kirikasamma da Malam Madori. Mai shigar da bayani sai ya zaɓa daga ciki maimakon ya rubuta da kansa. Haka kuma ranar haihuwa ake ajiyewa, ba yawan shekaru ba, domin ɗan shekara 14 bana ɗan 15 ne baɗi.

Mai tsaron rumbu

Rumbu daban, mai tsaronsa daban. Manhajar da ke kula da rumbun bayanai ita ake taƙaita sunanta da DBMS. Daga cikinsu akwai Microsoft Access, MySQL, PostgreSQL da Oracle, akwai kuma SQLite da ke cikin wayoyin Android. Ayyukanta sun haɗa da:

Hana kuskure. In aka kafa mata ƙa'ida, za ta ƙi karɓar maki 140 a jarrabawar da ba ta wuce 100 ba, za ta kuma ƙi lambar shiga da aka riga aka ba wani.

Amsa tambaya. Da harshen da ake kira SQL, malami zai ce mata: fito da ɗaliban da ke zaune a Matsaro da Dubantu waɗanda makinsu na lissafi bai kai 40 ba. Nan take za ta jero su.

Raba izini. Malamin Hausa ya shigar da makin darasinsa kaɗai, ɗalibi ya ga nasa sakamakon kaɗai. Bayanan mutane amana ce, kuma tun 2023 Najeriya tana da dokar kare su.

Kammala aiki ko fasa shi. In aka tura kuɗi, ko dai a cire a nan a saka a can, ko a mayar da komai yadda yake. Haka aka tsara ta.

Ajiye kwafi. Wannan ya fi shafarmu mu mazauna bakin kogi. Rajistar takarda in ta jiƙe, tawada ta tafi. Kwamfuta ma ba ta jure ruwa. Dole a riƙa ɗaukar kwafi akai-akai, a ajiye shi a wani gini na daban ko a intanet. Kwafin da ke cikin ɗaki ɗaya da asalinsa, tare ruwa zai ci su.

Duk da haka, manhaja ba ta gyara tsarin da aka gina a karkace. Da biro da takarda ake fara aikin, a tambayi kai: waɗanne abubuwa za mu ajiye, me ke bambanta kowanne, kuma yaya suke haɗuwa?

Aikin wannan mako

A ce an kwashe iyalai zuwa makarantarmu, ana raba musu shinkafa, tabarma da gidan sauro. Ku zana jadawaloli uku da za su hana wani gida karɓa sau biyu, su kuma nuna gidan da aka tsallake. Ku nuna babban mabuɗin kowanne. A jefa amsa a akwatin ƙungiya kafin ranar Alhamis, tare da suna, aji da lambar shiga. Za mu liƙa wadda ta fi kyau a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta