Dabino Daga Cikin Kwalba

Darasinmu na yau a kan dashen itace yake.

Kai manomin Difa, ka san tattasai a bakin Komadugu: ka shuka, ka tsinka cikin ƴan watanni. Dabino ba haka yake ba. Tambayi mutanen Maine-Sorowa da Gudumariya. In ka binne ƙwallon dabino, sai ka yi shekara biyar ko fiye kana ban ruwa kafin ka san abin da ka samu. Wajen rabi maza ne, ba su ƴaƴa. Matan kuma ba lalle su gaji zaƙin uwarsu ba. Shi ya sa manya ke cire ɗiyan da ke tsirowa a gindin uwa su dasa. Amma uwa guda ba ta ba da ɗiya da yawa.

To, masana sun samo wata dabara. Sukan yanko ɗan tsoka daga zuciyar ɗiyan, su wanke shi da magani don kashe ƙwayoyin cuta. Sai su sa shi cikin kwalba, a kan wani abinci mai kauri kamar kamu, wanda aka haɗa da sukari da gishirin taki da maganin tsiro. Sannu a hankali tsokan ya yi ta rarrabuwa, kowane yanki ya fid da ganye da saiwa. Da haka uwa ɗaya ke ba da dubban dashe, dukansu mata, dukansu irinta sak.

Ba dabino kaɗai ba. A ƙasar Suwidin, a 1985, an yi nasarar haka da wani itacen katako na ƙasashen sanyi, mai ganye kamar allura. A Maroko kuwa, inda cutar bayud ta kashe miliyoyin dabino, da wannan dabara ake mayar da gurbinsu.

Amma ka riƙe abu biyu. Na ɗaya, ɗan kwalba jariri ne, yana son inuwa da ruwa a kai a kai kafin ya saba da ranarmu. Na biyu, tunda duk jininsu ɗaya, cutar da ta kama guda tana iya kama saura. Kada ka sare irin kakanninka. Ka gauraya, ka kuma bar namiji don barbara.

In an kawo maka dashe, tambayi malamin gona sunan irin, ka rubuta shi da hannunka, da ranar dashe. Amfanin karatu ke nan.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.