Madubin Kallon Taurari: Gaskiya ko Jita-jita?

Iyaye da dama a unguwannin bayan gari suna sha'awar saya wa 'ya'yansu madubin hangen nesa don kallon sararin samaniya. Sai dai maganganun da ke yawo a kansa akwai tsaba akwai tsakuwa. Ga biyar daga ciki.

"Wanda aka rubuta ninki 500 a kwalinsa ya fi kyau."

Jita-jita ce. Ƙarfin madubi yana ga faɗin bakinsa, domin ta nan haske ke shiga. Masu harkar suna lissafa ninki 2 ga kowace milimita ɗaya ta faɗin baki, don haka mai milimita 70 iyakarsa ninki 140. In aka matsa masa ya wuce nan, sai abin da ake kallo ya dushe. A 1610 masanin taurari Galileo ya gano watanni 4 da ke kewaya Mushtari da madubi mai ninki kimanin 20 kacal. Kafin ka biya, duba faɗin bakin, sannan ka taɓa ƙafafun da yake tsaye a kansu. In suna rawa, bar shi, domin yaro zai gaji kafin ya kamo komai.

"Hasken fitilun gari ba zai bari a ga komai ba."

Rabinta gaskiya ne. Fitilu suna ɓoye taurari masu raunin haske, amma ba sa hana ganin wata, Zara, Mushtari da Zuhal. Daga tsakar gida, ƙaramin madubi zai nuna zoben Zuhal, ya nuna Zara tana sauya kama, wani lokaci siririya kamar jinjirin wata. Kaza da 'ya'yanta kuwa, ido yana ƙirga taurari 6 ko 7 a cikinta, madubi ya fito da gommai. A kashe fitilar waje, a ajiye waya, a ba ido minti 20 ya saba da duhu. A kuma kauce wa dararen hazo, domin ƙurar hunturu tana dusashe sama.

"Daren sha huɗu ya fi daɗin kallon wata."

Jita-jita ce. A wannan dare rana tana haska fuskar wata kai tsaye, babu inuwa, sai fari fat mai kashe ido. Daren bakwai ko takwas ga wata ya fi. Ka nufi layin da ya raba haske da duhu: nan ramuka ke fitowa da bakunansu a fili, duwatsu kuma suna shimfiɗa dogayen inuwoyi.

"Za a ga launuka kamar na hotunan Hubble."

Jita-jita ce. Madubin Hubble, da aka harba sararin samaniya a 1990, yana sama da iskar duniya, kuma kyamarorinsa suna daɗewa suna tara haske. Idon mutum ba ya iya haka. Tarin taurarin Andromeda, wanda haskensa ke shafe shekara kusan miliyan 2.5 kafin ya iso mana, ɗan tabo ne mai ruwan toka a madubin gida. Gara a faɗa wa yara tun da wuri don kada gwiwarsu ta yi sanyi.

"Kallon rana ta madubi yana makantarwa."

Gaskiya ce tsantsa. Madubin yana tattara hasken rana wuri guda, ya ƙona cikin ido nan take, kuma sau da yawa ba a jin zafi sai ɓarna ta auku. Baƙin tabarau ba ya karewa, ko da lokacin husufi ne.

Don haka mai saye ya fifita faɗin baki da ƙafafu masu ƙwari, ya fara wa iyalinsa da kallon wata. Iyaye, don Allah, idan gari ya waye ku rufe madubin ku adana shi inda hannun yara ba zai kai ba.