Karatun babban digiri a harshen Koriya, al'adu da gudanarwa

Karatun babban digiri a harshen Koriya, al'adu da gudanarwa fanni ne da ake yi bayan digiri na farko, inda ɗalibi ke haɗa koyon harshen Koriya da nazarin tarihi, al'adu da tsarin kasuwancin Koriya ta Kudu. Ana yinsa a matakin digiri na biyu da na digirgir. Ga ɗaliban arewacin Najeriya, har da na ƙaramar hukumar Bagudo a jihar Kebbi da ke iyaka da Jamhuriyar Benin, babbar hanyar shiga fannin ita ce tallafin karatu na gwamnatin Koriya ta Kudu, wanda ake nema ta Abuja.

Dalilin neman fannin

Najeriya da Koriya ta Kudu sun ƙulla huldar jakadanci a shekarar 1980. Tun daga nan kamfanonin Koriya suka samu gindin zama a ƙasar. Samsung da LG sun yi fice a wayoyi da kayan lantarki, Hyundai da Kia a motoci. Kamfanin Samsung Heavy Industries ne ya ƙera jirgin haƙar mai na Egina, wanda aka kammala haɗa shi a Legas a 2018, kuma Daewoo na cikin kamfanonin da aka bai wa aikin faɗaɗa masana'antar iskar gas ta Bonny a 2020. Irin waɗannan kamfanoni kan buƙaci mutanen da suka san harshen kuma suka fahimci ladubban aiki na Koriya, inda shekaru da muƙami ke sauya hatta siffar aikatau a cikin jimla.

Harshe da jarrabawar TOPIK

Ana rubuta harshen da haruffan Hangul, waɗanda Sarki Sejong ya ƙirƙira a 1443 aka kuma ƙaddamar a 1446. Haruffan asali 24 ne, baƙaƙe 14 da wasula 10, don haka ana iya koyon karanta su cikin 'yan kwanaki. Wahalar tana nahawu. Aikatau kan zo a ƙarshen jimla, saɓanin Hausa da Turanci, ga matakan girmamawa da kalmomin aro masu yawa daga Sinanci.

Ana auna ƙwarewa da jarrabawar TOPIK, wadda aka fara a 1997. Tana da matakai shida. Kashi na farko, mai maki 200, yana ba da mataki na 1 da na 2. Kashi na biyu yana da maki 300 kuma ya ƙunshi rubutun insha'i: maki 120 na ba da mataki na 3, 150 na 4, 190 na 5, sai 230 na 6. Sakamakon yana aiki na shekara biyu kacal. A Najeriya, Cibiyar Al'adun Koriya da aka buɗe a Abuja a 2010 tana koyar da harshen.

Tallafin gwamnatin Koriya

Shirin tallafin da aka fi sani da GKS ya samo asali ne a 1967, kuma wata hukuma ta Ma'aikatar Ilimi ta Koriya, NIIED, ke gudanar da shi. Yana biyan kuɗin jirgi, kuɗin makaranta da alawus na wata-wata. Mai digiri na biyu kan yi shekara uku, ɗaya ta koyon harshe da biyu na digiri. Mai digirin digirgir kuma shekara huɗu. A ƙa'ida mai nema ya kasance ƙasa da shekara 40, kuma sakamakonsa na baya ya kai kashi 80 cikin 100 ko daidai da haka. Ana buɗe nema a wajen watan Fabrairu, ko dai ta ofishin jakadanci ko kai tsaye ta jami'a.

Shekarar harshen ita ce ainihin ƙofa. Sai ɗalibi ya samu mataki na 3 a TOPIK kafin a bar shi ya fara digirin, ko da kwas ɗin nasa da Turanci ake koyarwa. Wanda ya zo da mataki na 5 ko na 6 ana ɗauke masa wannan shekarar.

Hukumar KOICA ma tana da tallafin digiri na biyu, amma na ma'aikatan gwamnati ne waɗanda hukumominsu suka gabatar.

Makarantu

Zaɓin ya kasu kusan gida biyu. Mai son harshe, tarihi ko adabi kan nufi makarantar manyan digirori ta Academy of Korean Studies da ke Seongnam, cibiyar da aka kafa a 1978, ko sassan nazarin Koriya na jami'o'in Seoul, Yonsei da Korea. A wannan ɓangare ba a tsira sai da harshe mai ƙarfi, domin yawancin littattafan bincike da Koriyanci aka rubuta su. Mai son gudanarwa kuma yana da makarantar KDI da ke birnin Sejong, wadda aka kafa a 1997 take kuma koyar da tsara manufofi da gudanarwa da Turanci. Jami'ar Yeungnam da ke Gyeongsan tana da makarantar da ke nazarin Saemaul, shirin raya karkara da Koriya ta fara a 1970. Wannan ya fi dacewa da wanda ya fito daga yankin noman shinkafa irin fadamun kogin Neja na Bagudo, kuma yake da niyyar komawa aikin raya karkara.

Jami'ar Hankuk ta Nazarin Harsunan Waje, wadda aka kafa a 1954, tana koyar da Hausa tare da Swahili da Zulu a sashenta na nazarin Afirka da ke Yongin. Bahaushen da ke son kwatanta harsunan biyu ko aikin fassara zai tarar da waɗanda suka riga suka san harshensa a can.

A wajen Koriya akwai SOAS a Landan da INALCO a Paris, sai Jami'ar Ain Shams ta Alƙahira da ta buɗe sashen harshen Koriya a 2005.

Ɗalibai daga Bagudo da bakin iyaka

Daga cikin jami'o'in da ke kusa da Bagudo akwai ta Tarayya da ke Birnin Kebbi, ta kimiyya da fasaha da ke Aliero, da ta Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Tallafin GKS bai taƙaita ga fanni guda ba, don haka mai digirin noma, tattalin arziki ko harsuna daga waɗannan jami'o'i na iya nema.

Zaman iyaka na da nasa sarƙaƙiya. A garuruwa irin su Illo, Lolo da Tsamiya, akwai iyalan da danginsu ke ɓangaren Segbana na Benin. Guraben ofishin jakadanci kuwa ƙasa-ƙasa ake raba su, kuma fasfo ne ke nuna inda mutum zai nema. Mai fasfon Najeriya Abuja zai nufa, shi kuwa ɗan Benin ofishin jakadancin Koriya da ke Accra ne ke kula da ƙasarsa. Saɓanin suna ko ranar haihuwa tsakanin fasfo da takardun makaranta kan jawo matsala, kuma gyaransa na ɗaukar lokaci. Haka nan, da yake Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar Hague kan tantance takardu, sai an kai shaidar digiri ma'aikatun ilimi da na harkokin waje a Abuja, sannan ofishin jakadancin Koriya, kafin a amince da ita. Wannan zirga-zirga daga Kebbi a aljihun ɗalibi take.

Rayuwa a Koriya

Hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu kan kai sanyi ƙasa da sifili a Seoul. Musulmi tsiraru ne a ƙasar, kuma naman alade ya yawaita a abinci, shi ya sa ɗalibai Musulmi da dama ke dafa nasu. Babban masallacin Seoul, wanda aka buɗe a 1976, yana unguwar Itaewon, inda shagunan halal suka fi yawa.