Lambar wandon jins ba awon jikinki ba ce

Mace kan sayi wandunan jins biyu, kowanne an rubuta masa 12, ɗaya ya zauna mata daram, ɗayan ya cije a cinya. Laifin ba na jikinta ba ne. Lambar da ake liƙawa a ƙugun wandon mata suna ne kawai, kuma kowane kamfani da yadda yake raɗa nasa. A wandon maza 32 na nufin inci 32 na ƙugu, ko kusa da haka. A na mata kuwa, 12 ba inci ba ce, ba santimita ba.

Rikicin ya samo asali ne daga Amurka. A 1939 Ma'aikatar Noma ta ƙasar ta soma auna mata kusan 15,000 a ƙarƙashin Ruth O'Brien da William Shelton, aka fitar da rahoto a 1941. Sai dai awon fararen fata kaɗai aka saka cikin lissafin, don haka tun daga tushe ba da dirin macen Afirka aka yi ba. A 1958 gwamnati ta fitar da ma'aunin kayan mata, ta kuma janye shi a 1983. Kamfanoni suka ci gaba da cin karensu babu babbaka: suna faɗaɗa wando, suna barin ƙaramar lamba a jikinsa, domin sun san mai saye na jin daɗi idan ta ga ta shiga ƙaramin saiz. Ga kuma bambancin ƙasashe. Abin da Ingila ke kira 12, kusan shi ne 8 a Amurka, 40 a Faransa, 44 a Italiya. Duk waɗannan na iya haɗuwa a tulin gwanjo guda a kasuwar Ƙofar Wambai, an sha wanke su, wasu sun tsuke, wasu sun saki.

Saboda haka abin dogaro shi ne tef ɗin tela. A auna ƙugu daidai inda wandon zai zauna, domin wani yana hawa har saman cibiya, wani yana tsayawa ƙasa da ita. A auna mazaunai a inda suka fi faɗi, sannan tsawon ƙafa ta ciki, daga matsematsi zuwa idon sawu. A kasuwa sai a shimfiɗa wandon, a auna bakin ƙugunsa daga gefe zuwa gefe, a ninka biyu. Idan ƙugu da mazaunai suka saɓa, kamar yadda yake ga mata da yawa, a bi mazaunai. Tela zai iya rage ƙugu ta baya, amma ba shi da inda zai samo yadin da zai ƙara a cinya.

Wata za ta ce ina amfanin wannan wahala, tunda akwai dabarar 'yan gwanjo ta zagaya ƙugun wando a wuya, in ya haɗu to ya yi? Dabarar ta ginu ne a kan cewa kaurin wuya ya kai rabin ƙugu. Wani lokaci a dace, amma wuya bai san komai game da mazaunai da cinya ba, kuma a nan ne jins ya fi cijewa. Wata kuma za ta ce ai na zamani yana miƙewa. Gaskiya ne, amma zaren robar da ke ciki yawanci bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari ba. Yana ba da ɗan sarari ne, ba saiz guda ba, kuma ruwan zafi da dutsen guga na kashe shi. A wandon gwanjo, a ja yadin a sake shi. In bai koma yadda yake nan take ba, robar ta mutu, gwiwarsa za ta yi buhu tun sawar farko.