Ɗan Riƙo Daga Ƙetare: Abin Da Dokar Ghana Ta Ce

A zangunanmu, daga Nima zuwa Aboabo har Tamale, da wuya ka shiga gidan da babu ɗan riƙo. 'Yar'uwa ta rasu a Kano, ko ƙane ya shiga matsi a Dosso, sai a ce a kawo yaron wurin kawu ko gwaggo ya yi karatu. A wurinmu da an shafa fatiha magana ta ƙare, yaro ya zama ɗan gida. Ita kuwa hukuma takarda take tambaya.

Shigowa ba ta da wuya. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan kowace ƙasar ƙungiyar damar shiga wata ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90. Yaro daga Nijeriya ya zo da fasfonsa da katin allurar shawara, mai rakiya kuma ya riƙe wasiƙar yardar iyaye ko waliyyi, da takardar mutuwa idan maraya ne. Kada a raina wasiƙar nan, domin akwai dokar hana fataucin mutane tun 2005, kuma babban da ya iso Aflao ko Paga da yaron da ba nasa ba zai sha tambaya. Nijar ta fita daga ECOWAS a Janairun 2025, ko da yake a lokacin ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar takardun 'yan ƙasar har sai an sake shawara.

Bayan kwana 90 ɗin ne muke yin sake. Dokar shige da fice ta 2000 ta wajabta wa baƙo neman izinin zama, ko yaro ne. Mu malaman makaranta mu muke ganin ƙarshen abin: yaro ya girma a nan, Tuwi ya zauna a bakinsa, sai ranar neman katin Ghana ko fasfo a ce masa baƙo ne. Dattawan da suka ga korar baƙi ta 1969 ba sa bukatar a yi musu bayanin wannan.

To, kafin a kashe ko sisi, a binciki asali. Sashe na 6 na tsarin mulkin 1992 ya ce wanda aka haifa bayan fara aiki da shi, a cikin ƙasa ko a waje, ɗan Ghana ne muddin ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan Ghana ne. Watau idan ƙanwarka 'yar Kumasi aka kai aure Sakkwato, ɗanta ɗan ƙasa ne tun ranar haihuwa. Abin da ya rage shi ne hujja: takardar haihuwarsa, da tata, ko ta kakansa.

Idan babu wannan, sashen dai ya ce yaron da bai wuce shekara 16 ba, in ɗan Ghana ya ɗauke shi ɗa, ya zama ɗan ƙasa. Amma ɗaukar ta kotu ake nufi, bisa dokar yara ta 1998 da gyaranta na 2016, tare da binciken ma'aikatan jin daɗin jama'a. A nan Musulmi zai tsaya ya yi tunani, don ɗaukar kotu tana yanke haƙƙin iyayen asali, ta mai da yaro magaji, alhali shari'a ta yarda da riƙo amma ta hana sauya nasaba. A ganina, wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya nema wa yaron izinin zama a ƙarƙashinsa, ya riƙa sabuntawa, ya kuma yi masa wasiyya cikin sulusin dukiyarsa.

Abin da bai kamata ba sam shi ne hanyar da wasu ke ɗauka mai sauƙi, ta yanko wa yaro takardar haihuwa da sunan mai riƙo a matsayin uba. Laifi ne a doka, haramun ne a addini, kuma ranar rabon gado 'ya'yan gida ne za su fara tona asirin.

Wanda ya zaɓi kotu ya lissafa shekaru da kyau. Yaron da aka kawo yana ɗan 13 shekara 3 kacal gare shi, aikin kotu kuwa ba a gama shi cikin mako ɗaya.