Aji Ɗaya Ba Masaka Tsinke, Aji Shida Da Sauran Wuri

Makarantar tana gefen wani ƙauye da birnin Kano ya riga ya haɗiye, inda gonakin gero suka koma fulotai. Azuzuwanta na farko na zamanin UPE ne, shirin ilimin firamare kyauta na 1976. Sauran daga baya suka zo, kowane gini da tambarin SUBEB, hukumar ilimin firamare ta jiha, a jikinsa. Ba ta da katanga, don haka hanyar kasuwa ta tsakiyar filin ƙwallo ta ratsa, awaki kuma a inuwar ofishin hedimasta suke wuni.

Wanda yake son sanin mutanen unguwar ya tsaya a filin taro da ƙarfe takwas saura. Ga 'ya'yan manoman asali, waɗanda kakanninsu suka ba da filin. Ga 'ya'yan baƙin da tsadar haya ta koro daga cikin gari: leburori, 'yan adaidaita sahu, masu gadi, masu faci. Akwai yaran rugar da ke bayan rafi, da Fulatanci suke zuwa, Hausar ma a nan suke ƙarasa koyonta. Akwai na iyalan da rikicin Boko Haram ya taso daga Borno da Yobe, waɗanda suka daɗe har sun saje, sannan ga sababbin zuwa daga ƙauyukan Zamfara da Katsina. Cikin waɗannan na ƙarshe za ka ga ɗan shekara goma sha ɗaya a aji biyu, ya fi kowa tsawo, ya fi kowa shiru.

Akwai kuma waɗanda ba za ka gani ba. Ɗan kansila ba ya nan, haka ɗan mai kantin magani. Malaman kansu, wanda ya samu hali, makarantar kuɗi yake kai nasa, kuma ban ga laifinsu ba. Sai dai duk uban da zai iya ɗaga waya a gyara rufin da iska ta yaye ya riga ya kwashe 'ya'yansa. Kwamitin al'umma mai kula da makarantar, SBMC, yana zama, amma mutanen da ke cikinsa ba su da wanda za su kira.

Yawan ɗaliban kamar dalar gyaɗa yake, ƙasa faɗi, sama tsini. A aji ɗaya yara sun haura ɗari, a ƙasa, wasu kan buhu, wasu a bakin taga, alhali tsarin ilimi na ƙasa yara 35 ya ce a ba malami guda. Kiran suna kaɗai yakan cinye darasin farko. Lokacin da shirin ciyarwa na tarayya, wanda aka fara a 2016 don 'yan aji ɗaya zuwa uku, yake kawo abinci, har ƙannen da ba su isa shiga ba goyo su ake yi a zo. Da kulolin suka daina zuwa, sunayen suka zauna a rajista, masu sunayen suka ragu.

Daga aji huɗu ake fara zarewa. Yarinya ta isa ɗaukar farantin talla ko riƙe ƙanne. Yaro an kai shi gareji ko shagon walda. Ba wanda yake zuwa ya ce ya cire ɗansa. Fashin ranar kasuwa ne yake zama na mako, na mako ya zama na lokacin girbi, shi ke nan.

A aji huɗun ne kuma, bisa tsohon tsarin da aka daɗe ana bi, ake barin harshen gida a koma koyarwa da Turanci. Matsalar ita ce yaro ya iso nan bai ƙware a karanta Hausar ba. Malama ta rubuta a allo, aji ya amsa da murya ɗaya har ana jiyowa daga titi, mai wucewa ya ce karatu ya kankama. Nuna wa yaro guda kalma daga tsakiyar layi, sai ido. Kwafa kam sun iya, littattafansu cike suke da rubutu mai kyau wanda mai shi ba zai iya karantawa ba. Da la'asar kuwa, a waɗannan azuzuwan dai, Islamiyya take zama, kuma yarinyar da ta kasa haɗa baƙi da wasali da safe ita ce take kawo hadda ba tuntuɓe. Can ana sauraron kowa shi kaɗai, ba a wuce da shi sai ya iya. Nan kuwa shekara ce take ciyar da yaro gaba.

Saboda haka idan hedimasta ya fito da sakamakon jarrabawar shiga sakandare yana murna yawancin yaransa sun ci, gaskiya ya faɗa, amma gaskiyar waɗanda suka rage. 'Yan aji shida tatattu ne: masu yayan da ke duba musu aiki, masu uwar da ta yi boko, da 'yan tsirarun da Allah ya ba naci. Ba takardar da take ƙirga waɗanda aka fara tare da su.

Malaman ba su da wata baƙar aniya. Yawancinsu masu NCE ne, wasu da digiri, kuma akwai wata dattijuwa a aji biyu da takan raba yaranta rukuni-rukuni, ta sa waɗanda suka gane su ja sauran, alli ma wani lokaci daga jakarta yake fitowa. Yaranta ana gane su har aji biyar. Amma ita kaɗai ce, kuma ritayarta ta kusa.

Gwamnatin Kano ta ce ilimi kyauta ne kuma dole a 2019, ta kuma ayyana dokar ta-ɓaci a kansa a watan Yunin 2024. A wannan makaranta an yi fenti, an kawo benci, an raba yunifom ga 'yan aji ɗaya. Bencin ya ishi 'yan aji shida har da rara. 'Yan aji ɗaya kuwa da aka gwada saka musu, sai aka ga rabinsu ba za su samu wurin tsayawa ba, aka fitar da shi baranda.