RAGOWAR MAGANI A GIDA

Maigida, tashi ka duba cikin adaka, ka duba kan ragaya da ƙarƙashin katifa. Da wuya ka rasa ragowar ƙwayoyi da aka karɓo daga asibiti aka manta da su. To, ka sani maganin da ya warkar da babba yana iya kashe yaro.

Ka dubi jajayen ƙwayoyin nan na ƙarin jini da a kan ba mata masu ciki. A idon yaro alewa ce, amma in ya haɗiye da yawa ransa yana cikin hatsari. Haka farasitamol, in ya yi yawa yana lalata hanta.

Saboda haka ka sami akwati mai makulli, ka ɗora shi sama inda hannun yaro bai kai. Zafi da laima suna kashe ƙarfin magani, don haka kada a ajiye shi a madafa, ko dab da rufin kwano, ko gindin randa. Bar kowane a cikin takardarsa, gama a nan a kan rubuta EXP da watan da zai lalace. Maganin ɗiga wa ido, in an buɗe ya yi mako 4, ya tashi aiki.

Wani magani ma bai kamata ya rage ba. Na zazzaɓin cizon sauro kwana 3 a ke shansa. Wanda ya ji sauƙi ya bari, ciwon yana iya dawowa. Kuma kada ka ba maƙwabci ragowar naka, don ciwonku ba lalle ya zama ɗaya ba.

Wanda ya rage ko ya lalace, mayar wa malamin asibiti. In tafiyar da nisa, cuɗa shi da toka ko laka, ka haƙa rami mai zurfi aƙalla mita 30 daga rijiya, ka binne. Kada a watsar a juji inda yara da awaki ke tono, kada a zuba a rafi, kada kuma a jefa a wuta.

In yaro ya sha, kada a tilasta masa amai, kada a ɗura masa manja. A garzaya da shi asibiti tare da kwalbar, ko da ya ga kamar lafiyarsa lau.

Yau ka duba gidanka, kada ka bari sai gobe. Rigakafi ya fi magani.